Darasi: Ɗaukar Hoton Masu Tsere da Sayar Musu da Shi

A kowane tsere mutum ɗaya ne ke zuwa na fari. Amma duk wanda ya shiga yana da uwa, yana da abokai, kuma a ƙasar Adar ta Nijar da wuya a rasa masa wa ko kawu da ke ci-rani a Abijan, Legas, Aljeriya ko Libiya. Ɗan jarida hoton zakara yake nema, ya samu ya tafi. Mai hoton da wannan darasi ke magana a kansa kasuwarsa dabam ce. Abokin cinikinsa shi ne yaron da ya zo na arba'in da bakwai, ya iso yana haki, gumi ya jiƙe masa riga, ba wanda zai ba shi ko kwalin sabulu, amma yana son shaidar cewa ya yi gudun kuma ya kai ƙarshe. Tsere mai mutum ɗari biyu kasuwa ce mai mutum ɗari biyu, in dai mai hoto ya iya abu biyu: ya kama fuskar kowa tar, kuma ya sada kowa da hotonsa kafin taro ya watse.

A manyan biranen duniya wannan sana'a ta daɗe da zama da gindinta. Kamfanoni irin su MarathonFoto na Amurka da Sportograf na Jamus suna jera masu hoto a kan hanyar gudun fanfalaki mai tsawon kilomita 42 da mita 195, kowa da inda aka ajiye shi, ba ya motsawa. Bayan an gama sai kwamfuta ta karanta lambar da ke ƙirjin kowane ɗan tsere, ta tara masa hotunansa wuri guda, shi kuma ya shiga intanet ya biya ya sauke. A maƙwabta ma abin ya iso: babban gudun Legas, wanda aka fara a 2016, dubban mutane ke shigarsa, kuma mafi yawansu ba don kyauta suke gudu ba.

Inda ake tsere a Madawa, Buza da Keita

Ba a san gundumomin nan uku da irin wancan babban gudu ba, amma tsere bai yanke a cikinsu ba. Akwai na ƴan makaranta, na firamare da kwaleji da lise, wanda malaman wasanni ke shiryawa. Akwai wanda hukumomi da ƙungiyoyin matasa kan haɗa a ranakun bukukuwan ƙasa, kamar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai a 1960, da 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958. Birnin Tawa ya karɓi baƙuncin babban bikin 18 ga Disamba a 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola. Sai kuma sukuwar dawaki lokacin Sallah, naɗin sarauta ko bikin wani mai hali, da tseren raƙuma a wajen Abzinawan Kel Gres na yankin Azarori da Galma. Wanda ke da halin tafiya arewa zai tarar da tseren raƙuma a bikin Shiriken na Akubunu cikin gundumar Abalak, da kuma babban taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina.

Kokowa ba tsere ba ce, amma kasuwarta ɗaya da shi. A Tawa aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma har yau duk ƙauyen da aka buɗe fili bayan girbi akwai samarin da za su sayi hotonsu da layu da ɗamara. Wanda ya iya hoton mai gudu ba zai sha wahala da ɗan kokowa ba.

Hanyar da ta taso daga Madawa ta bi Buza, ta ratsa Keita da Tamaske ta faɗa Tawa, ita ce kasuwar mai hoton yankin. Abin da ya kamata ya mallaka tun kafin kyamara shi ne littafin rubuta ranaku: wace makaranta ce ke da wasa a wane wata, wane gari ne ke sukuwa washegarin Sallah, wa ke shirya abin, ina lambar wayarsa. Wanda ya ji labarin tsere daga bakin masu komawa gida ya riga ya yi asarar ranar.

Me ke sa hoton mai gudu ya yi dishi-dishi?

Kyamara tana da marufi a cikinta mai buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. A ɗan lokacin da yake buɗe ne haske ke shiga ya zana hoto. In abin da ake ɗauka ya motsa a cikin wannan lokaci, sai zanen ya shafe. Ana auna saurin ƙiftawar da kason daƙiƙa: 1/125 na nufin an raba daƙiƙa ɗaya gida 125 an ɗauki ɗaya, 1/1000 kuma an raba ta gida dubu.

Ga lissafin da zai fayyace abin. Saurayin da ke cinye mita 100 cikin daƙiƙa 12 da rabi yana tafiyar mita 8 a kowace daƙiƙa. In aka ɗauke shi daga gefe da ƙiftawar 1/125, kafin marufin ya rufe ya gusa da fiye da santimita 6, wato wajen faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Ido da hanci sun haɗe ke nan, uwarsa ma sai ta yi da gaske za ta gane shi. Da 1/1000 kuwa milimita 8 kacal zai gusa. Doki a cikakkiyar sukuwa yana iya yin mita 15 a daƙiƙa, kusan ninki biyu na saurayin, shi ya sa ake ba shi 1/2000 in rana ta wadata. Ga masu gudun dogon zango, waɗanda ba sa saurin ƴan mita ɗari, 1/500 na iya isa, musamman in suna fuskantar mai hoto ne ba gilma shi suke yi ba.

Wannan matsala ta fi shekara ɗari da arba'in da samun magani. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, wani mai hoto ɗan Ingila, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa na attajiri Leland Stanford, aka shirya su yadda dokin da ke wucewa zai tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Hotunan sun nuna abin da ido bai taɓa kamawa ba: akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk ke sama, kuma lokacin suna dunƙule ne a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba yadda masu zane suka saba yi. Abin da Muybridge ya nema da kyamara goma sha biyu, yau wayar da ke aljihun mai sayar da albasa a tashar Madawa tana yin irinsa in aka danne maɓallinta aka riƙe, ta yi ta ɗauka a jere.

A kyamarar Canon ana murɗa dabaran saiti zuwa Tv, a Nikon zuwa S, sannan a zaɓi saurin da ake so, kyamarar ta daidaita sauran da kanta. Sai a sa ta a saitin bin abu mai motsi, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon kuma AF-C, domin kada ta kafe ido a inda mai gudu yake ɗazu alhali ya matso. Gilashi mai jawo nesa, irin 70-300 ko 55-250, ya wadatar, kuma na hannu ma yana aiki. Mai waya kuwa ya duba ko tana da saitin Pro, wanda ake samu a wayoyi da yawa na Tecno, Infinix da Samsung, ya nemi harafin S ya ɗaga lambar. Abin da waya ba ta iyawa shi ne jawo nesa ba tare da hoto ya fashe ba. Maganinsa ƙafa: a matsa kusa, a bar jan hoto da yatsu. Saboda haka waya ta dace da tseren mutane, amma ga dawaki kusancin da take buƙata ya yi haɗari.

Wurin tsayuwa

Sabon shiga layin ƙarshe yake rugawa, kuma nan ne wuri mafi muni. Alƙalan wasa suna nan, manyan baƙi suna nan, yara sun cika gaba, kowa ya ɗaga waya. Da zarar na fari ya shigo sai fili ya rikice, sauran ɗari da casa'in da tara kuma su shigo cikin turmutsitsi.

Gwanin aiki yakan zaga hanyar tun jajibiri. Abin da yake nema shi ne wurin da masu gudu suka riga suka rarrabu, suna zuwa ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, wato bayan an ci rabin hanya. Kwana tana da kyau domin kowa dole ya bi ta gefe guda. Kan ɗan tudu ma haka, saboda hawa yana rage sauri, kuma ƙasar Keita da Buza ba ta rasa hawa da gangara ba. Ya duba abin da zai fito a bayan mai gudu: jan dutsen Adar, katangar laka ko lambun albasa kore shar a fadamar Tarka sun fi juji, kwata ko allon talla. Mutum ba ya rataye hoton da bola ta fito a bayansa a ɗakinsa.

Sannan ya durƙusa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana danne mutum ya gajarta shi, wanda aka ɗauka daga daidai gwiwa kuwa yana ɗaga shi, ƙafafunsa su yi tsawo, ya fito kamar wanda ya san abin da yake yi ko da shi ne na kashin baya. A juya kyamarar a tsaye domin mutum ya shiga daga kai har takalmi, lambar ƙirji ta karantu. A ɗauki uku ko huɗu a jere ga kowane mutum, ba ashirin ba, don memori na cika kuma tantancewa na cin dare. Cikin ukun akan sami ɗaya da ƙafafu ke sama, jiki a miƙe. Wanda aka kama daidai lokacin da ƙafa ta dira, nauyi ya sauka, kumatu sun zube, baki ya karkace, wannan share shi ake yi, ba a ma nuna wa mai shi.

Ga sukuwa akwai ƙa'idar da ba a sassautawa: ba a shiga hanyar doki, ba a kunna walƙiyar kyamara, ba a tsayawa ta wajen kwana, domin dokin da ya ƙi linzami can yake zarcewa. A sami itace, katanga ko amalanke a tsaya a bayansa. Wanda idonsa ke cikin gilashi mai jawo nesa ba ya iya kimanta kusancin abin da ke tahowa, don haka yana buƙatar yaro a gefensa wanda aikinsa kawai shi ne kallon fili da jan rigarsa.

Rana, ƙura da baƙar fata

Rana ta kasance a bayan kafaɗar mai hoto, tana haska fuskar masu zuwa. Hantsi da la'asar su ne lokutan alheri. Da tsakar rana kuwa haske daga bisa yake sauka, idanu su faɗa cikin inuwa, goshi ya yi ƙyalli. Mai hoto ba shi ke sa lokacin tsere ba, amma shi ke zaɓen gefen hanyar da zai tsaya.

Akwai wata matsala da littattafan da ke zuwa da kyamara ba su cika kula da ita ba. Kyamara tana auna hasken dukkan abin da ke gabanta ta ɗauki matsakaici. In farin rairayi da farin sama da farar riga suka cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuskar baƙin mutum ta dushe, a ga riga da haƙora kawai. Maganin yana wurin maɓallin da ke da alamar +/-, wanda kusan kowace kyamara da waya ke da shi. A ƙara zuwa +0.7 ko +1, a gwada a kan wani ɗan kallo tun kafin a busa usur, a duba fuskar ba sama ba. In sama ta yi fari fat ba komai, ba ita za ta biya kuɗi ba.

Inuwar itace kuma tarko ce. Layukan dogon-yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska sun yi wa gonaki rana, kuma zama a ƙarƙashinsu akwai daɗi, amma hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Ko dai mai gudu ya kasance cikin rana gaba ɗaya, ko cikin inuwa gaba ɗaya.

Kowane lokaci na shekara da halinsa. Wasannin Agusta suna zuwa cikin damina, gari ya yi kore, gajimare na tace haske, fata ta fito da kyau, sai dai a tanadi leda saboda ruwa. Na Disamba suna zuwa cikin hunturu, hazo ya rufe nesa, hoton da aka jawo daga nisa ya fito fari-fari ba armashi, don haka a rage tazara. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kayan aiki. Ba a cire gilashi daga jikin kyamara a fili, ko da kuwa na ɗan lokaci ne, domin ƙwayar ƙura ɗaya da ta zauna a ciki za ta fito a matsayin ɗigo a kowane hoto na ranar. Ba a goge gilashi da bakin riga ko rawani, rairayin da ke jikinsu yana karce shi. A fara hure ƙurar, sannan a shafa da tsumma mai laushi da aka keɓe don haka. A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waya kan yi zafi ta ƙi aiki, saboda haka a riƙa ɓoye ta a inuwa tsakanin zagaye da zagaye.

Yadda kowa zai sami nasa

Nan ne sana'ar take, kuma nan ne masu kyamara mai tsada da yawa ke faɗuwa. Hoto ɗari shida a cikin memori ba kuɗi ba ne in mai shi zai sa mutum ya tsaya rabin awa ana neman nasa.

Dabarar da ta fi dacewa da yankin wani ɗan Mali ne ya shahara da ita tun kafin kwamfuta ta yaɗu. Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016, ya yi shekarun 1960 da 1970 yana zaga wuraren rawar matasan Bamako da dare yana ɗaukar hoto. In ya koma sai ya wanke, ya fitar da ƙanana, ya liƙa su a kan kwali, kowane da lambarsa, a rubuta sunan taron da ranarsa. Matasa su zo shagonsa na unguwar Bagadaji su duba, kowa ya faɗi lambar da yake so, sannan a wanke masa babba. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a babban baje-kolin fasaha na birnin Venis. A Yamai ma, a wancan zamani, Philippe Koudjina ya ci abinci da hoton masu shagali da dare. Abin koyi a nan shi ne tsarin: a nuna ƙarami, a karɓi oda, sannan a buga.

In tseren yana da lambar ƙirji, aiki ya yi sauƙi. A ɗauki hoton takardar sunayen da ke hannun masu shirya wasa tun da safe, in sun yarda, sannan a ware hotuna goma-goma ko hamsin-hamsin bisa lamba. Tseren ƙauye da na ƙananan makarantu galibi ba lamba. A nan sai mai hoto ya yi wa kansa alama: kafin kowane zagaye ya rubuta a takarda, misali “ƴan mata, aji shida” ko “samarin Garhanga”, ya ɗauki hoton takardar. Duk abin da ya biyo bayanta nasu ne har sai wata takardar ta bayyana. Aikin daƙiƙa biyar ne, amma yana ceton awa guda.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mutumin da gumi bai bushe masa ba, abokai na kewaye da shi, ya fi saurin sa hannu a aljihu fiye da shi ɗin bayan kwana uku, lokacin da kuɗin cefane ya taso. Don haka ake son mutum biyu: ɗaya yana fili, ɗaya yana zaune a inuwa kusa da inda ake raba kyauta, da tebur da na'urar bugawa. Ƙaramar na'ura irin Canon Selphy tana fitar da hoto mai girman santimita 10 da 15 cikin ƙasa da minti ɗaya, tana aiki da batir, kuma takardarta da tawadarta a kwali ɗaya suke zuwa, akwai mai ɗauke da guda 108. Ita ma ba ta shiri da ƙura, domin ƙwaya ɗaya kan ja layi a tsawon hoton, saboda haka a rufe ta da kwali ko mayafi, a bar mata wurin shan iska. Inda ba wutar NIGELEC, ko aka ɗauke ta, faifan sola da batir su ne madogara.

Kada a raina hoton bayan tsere. Abokai biyar da suka dafa kafaɗar juna, lamba a ƙirji, ƙura har gira, danna ɗaya ce amma kwafi biyar. A sukuwa kuma a san wa ke biya: yaro ne ke hawa, amma dokin na wani alhaji ne ko basarake, kuma shi dokinsa yake son gani, da adon sirdi da linzami, sannan a ɗauke shi tsaye riƙe da ragama. Irin wannan babban hoto yake so, mai firam, kuma ba a wurin ake gama cinikin ba, gida ake kai masa cikin ladabi. Mai raƙumi ma haka: fuskarsa na cikin rawani, abin da zai duba shi ne tsayin wuyan amalensa da yadda sirdin ya zauna.

Masu waya da yawa ba takarda suke so ba, a tura musu suke so. A wurin ana iya yi da Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe kuɗin intanet ba. In ta WhatsApp ne, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kyau. Samfurin da za a zuba a zauren WhatsApp na gari ko na makaranta ya zama ƙarami, da sunan mai hoto rubuce a tsakiyarsa, ba a gefe ba inda za a yanke. Kuma a sani cewa hoton da ya shiga waya ɗaya ya shiga ɗari, ba a sayar da shi sau biyu. Ƴan ci-rani su ne suka fi biyan irin wannan ba gardama: wan da ke Abijan ya ga ƙanensa a samfuri, ya aiko da kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money, a tura masa cikakke.

Lissafin riba

Alƙaluman da ke tafe misali ne na koyon lissafi, kowane ɗalibi ya musanya su da farashin kasuwarsu. A ƙaddara kwalin takarda 108 ya kama jika 27. Kowane hoto ya tashi a kan dala 50 ke nan, wato sefa 250. In ana sayarwa dala 100, ribar kowane ɗaya dala 50 ce. A ƙaddara kuma kuɗin kabu-kabu jika 2, caji da intanet jika 1, ladan yaro jika 2, jimla jika 5. Sai an sayar da hoto 20 kafin a mayar da wannan kuɗi, daga na 21 riba ke farawa.

Wanda ya sayar da 60, uku suka lalace a bugawa, ya karɓi jika 30, takarda 63 ta ci sefa 15,750, hidimar rana ta ci 5,000, ya rage da 9,250. Wani kuma ya yi zumuɗi ya buga 100 ba tare da kowa ya ce yana so ba, 40 suka shiga. Ya karɓi jika 20, takarda ta ci 25, hidima ta ci 5. Ya yi asarar jika 10, ga hotuna sittin na mutanen da suka riga suka hau mota.

Daga ribar nan ba duka ake ci ba. Batir na mutuwa, memori na lalacewa, marufin kyamara kansa yana da iyakar ƙiftawar da zai yi. A ware wani kaso kowace rana don wannan. Batun bashi kuwa, a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne ba a iya cewa a'a ga kowa, amma babban hoto mai firam a karɓi rabin kuɗinsa kafin a fara, a rubuta a littafi a gaban mai shi. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce jinga: a daidaita da shugaban makaranta, ofishin magajin gari ko ƙungiyar da ta shirya wasa a kan kuɗi dunƙule, su raba wa yara hotunan. Ribar ba ta kai ta sayarwa ɗaya-ɗaya ba in kasuwa ta yi kyau, amma an san ta tun kafin a fito daga gida.

Izini

Kafin ranar a je a gaida masu shirya wasa a nemi yardarsu, in a ƙauye ne a fara da mai gari. Hoton ƴan makaranta sai da izinin shugaban makaranta, kuma hoton yaro ko yarinya iyayensu ake sayar wa, ba duk wanda ya miƙo kuɗi ba. Wannan ya fi tsanani a kan ƴan mata: saurayin da ya zo sayen hoton yarinyar da ba ƙanwarsa ba, a ba shi haƙuri, kuma ba a zuba samfurinsu a zauren da kowa ke shiga. Akwai masu ƙin hoto saboda addini ko al'ada, wanda ya ɗaga hannu ko ya kau da kai a sauke kyamara, in an riga an ɗauka a share a gabansa. Sojoji, jandarmomi da motocinsu ba a ɗaukarsu, ko da sun faɗo a gefen hoto ne, musamman a halin tsaron da ake ciki.

Doka ma ta yi magana. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke kula da ita. Hoton da ake gane mutum a cikinsa yana cikin irin waɗannan bayanai. Wanda ya sayi hotonsa bai ba da izinin a liƙa shi a allon shago ko a sa shi a Facebook don talla ba, wannan sai an sake tambayarsa. Haƙƙin mai hoto a kan aikinsa kuma, in wata jarida ko ƙungiya ta ɗauka ta yi amfani da shi ba izini, ofishin BNDA ne ke kula da irinsa.

Aikin yi

Ɗalibai su kasu uku-uku, kowane rukuni da waya ɗaya mai saitin Pro. Ɗaya ya yi gudu, ɗaya ya ɗauka, na uku ya rubuta. A ɗauki mai gudun yana gilmawa da 1/125, da 1/500, da 1/1000, sannan a sake yana fuskantar kyamara, sau ɗaya daga tsaye, sau ɗaya daga durƙushe. A maimaita da hantsi da kuma tsakar rana, a kawo hotunan aji a kwatanta. Kafin zama na gaba kowa ya tambayo farashin takardar hoto da kuɗin bugawa a shago mafi kusa da shi, ya lissafa hoto nawa zai sayar kafin ya mayar da kuɗin zuwa da dawowa daga garinsu zuwa Madawa, Buza ko Keita, kuma ya rubuto wasanni uku da za a yi a ƙaramar hukumarsu cikin wata shida masu zuwa, tare da wanda ya kamata a nemi izini a wurinsa.